Yadda za ka haɗa kuɗin karatun OT a Amurka ba tare da bashi ya shaƙe ka ba

To jama'a, wannan bayanin na duk wanda yake Amurka ne kuma ya sa a ransa zai karanci OT (Occupational Therapy), wato aikin nan na koya wa mara lafiya komawa harkokinsa na yau da kullum, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama a sake koya masa sa riga da riƙe cokali, yaro mai lalura a taimaka masa ya iya riƙe fensir a aji, tsoho a gyara masa gida yadda ba zai faɗi a banɗaki ba. Aiki ne mai daraja wallahi, amma hanyar shigarsa akwai tsada, kuma ba a shigarsa da digirin farko, tun 2007 sai da mastas ko digirin dokta na OTD. Abin da ya fi damuna shi ne mutane da yawa sai an ɗauke su a makaranta, an gama murna an yi ta kiran 'yan'uwa a waya, sannan suke zama su tambayi kansu ina kuɗin zai fito. Lissafin nan tun kafin ka cike fom ɗin neman gurbi ake yin sa.

Ka fara da zaɓen makarantar, don a nan rabin bashin yake. Dole makarantar ta kasance hukumar ACOTE ta tantance ta, in ba haka ba ko ka gama ba za a bar ka ka zauna jarrabawar NBCOT ba, kuma in babu wannan jarrabawar babu lasisi. In dai an tantance ta, to wanda ya yi jami'ar gwamnatin jiharsa mai sauƙin kuɗi da wanda ya yi jami'a mai zaman kanta mai tsadar gaske, jarrabawa ɗaya za su zauna, harafin OTR ɗaya za a liƙa a bayan sunansu, kuma asibitin da zai ɗauke su lasisi yake tambaya. Jami'o'in jiha suna da farashi biyu, na 'yan jiha da na baƙi, kuma tazarar ba ƙarama ba ce, wani wurin har ninki. Yawanci sai ka zauna a jihar wata 12 kafin a lissafa ka a ɗan jiha, kuma zaman da ka yi don karatu kawai sau da yawa ba sa lissafa shi, don haka ka karanta ƙa'idar jami'ar da kanka. Waɗanda suke jihohin yamma su binciki WICHE, hukumar haɗin gwiwar jihohin yamma kan ilimi mai zurfi, akwai tsarin da wasu jihohin suke biya wa ɗalibansu wani kaso in sun tafi karatun OT a wata jihar.

Sai maganar mastas ko OTD. Mastas shekara 2 ne zuwa 2 da rabi, OTD kusan shekara 3 saboda akwai ƙarin aikin kammalawa na sati 14. Duk biyun suna kai ka ga lasisi iri ɗaya. Ni dai a ganina, in ba koyarwa a jami'a ko bincike ka nufa ba, kuma kuɗin bashi za ka ci, mastas ya ishe ka, don ƙarin watannin nan kuɗin makaranta ne da kuɗin haya da albashin da ba ka fara karɓa ba, su uku a lokaci ɗaya. Wanda ya samu OTD da tallafi mai kauri ya yi abinsa, ban hana ba.

Yanzu FAFSA. Fom ne na neman tallafi da bashin karatu na gwamnatin tarayya, ana cike shi a studentaid.gov, kyauta ne, duk wanda ya ce ka biya shi kuɗi kafin ka shigar da FAFSA ka rabu da shi. A al'ada 1 ga Oktoba ake buɗe shi, kuma kowace shekara sai ka sake cikewa. Abu mai daɗi ga ɗalibin gaba da digiri shi ne ana ɗaukarka mai zaman kanka, ba a tambayar kuɗin shigar iyayenka, naka kawai da na matarka ko mijinki in akwai aure. Bayanin harajin shekara biyu baya suke amfani da shi, ana jawo shi kai tsaye daga hukumar haraji ta IRS in ka ba da izini, kuma dole ka ba da izinin in kana son tallafin. Ka sa duk makarantun da ka nema a cikin fom ɗin tun kafin su ba ka amsa, kar ka ce sai an ɗauke ka. Ko kana ganin ba za ka ci bashi ba ka cike shi, saboda makarantu da yawa da shi suke raba nasu tallafin, kuma wanda ya riga zuwa shi yake samu kafin asusun ya ƙare.

Wa ya cancanta? Ɗan ƙasa, mai girin kad, ɗan gudun hijira da wanda aka ba mafaka. Wanda ya shigo da bizar karatu ta F-1 ba ya samun kuɗin gwamnatin tarayya, wannan gaskiya ce mai ɗaci amma gara ka sani tun yanzu. Shi hanyarsa tallafin jami'ar ne, da aikin cikin makaranta na awa 20 a sati lokacin karatu, da sikolashif ɗin da ba su sa sharaɗin zama ɗan ƙasa ba.

Kar ka sa rai da Pell, tallafin gwamnati da ba a mayarwa, wannan na masu digirin farko ne. Haka bashin da gwamnati take biya maka ruwansa kana makaranta, an cire 'yan gaba da digiri daga cikinsa tun 2012. Abin da ya rage maka shi ne bashin gwamnati mai suna Direct Unsubsidized, dala 20,500 a shekara, ba a duba tarihin bashinka, sai dai ruwan yana fara hawa tun ranar da aka saki kuɗin. Waɗanda suka karɓa a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 ruwansu kashi 7.94 cikin ɗari ne, kowace shekara a watan Yuli ake sa sabon adadi, amma wanda ka karɓa a kai shi zai tsaya har ka gama biya. Ana kuma cire kashi 1.057 tun kafin kuɗin ya iso. Mu yi lissafi a fili. Dala 20,500 a kan 7.94 tana tara kusan dala 1,630 a shekara. In ka karɓa a farkon karatu, ka yi shekara 2 da rabi, aka ƙara maka wata 6 na sararawa bayan ka gama, wannan kason na farko kaɗai ya tara kusan dala 4,900 ba ka fara biyan ko sisi ba. Shi ya sa nake cewa in kana da ɗan abin da ya ragu a wata, ko dala 50 ce, ka riƙa jefa ta a ruwan tun kana makaranta, ba wanda zai hana ka.

Ga inda abin ya canza, kuma dan Allah a nan ka nutsu, don shawarwarin da za ka ji daga waɗanda suka gama shekaru biyar baya ba duka ne suke aiki yanzu ba. Da can akwai wani bashin gwamnati mai suna Grad PLUS, in dala 20,500 ba ta isa ba sai ka cike ragowar da shi har iya abin da makaranta ta ƙiyasta na karatu da zama. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta rufe shi ga sababbin masu karɓa daga 1 ga Yuli 2026. Wanda ya riga ya fara kwas ɗinsa kuma ya karɓi bashin gwamnati a kansa kafin wannan ranar, an bar shi a tsohon tsari har shekara 3 ko ya gama, duk wanda ya riga zuwa. Sababbi kuwa an raba su gida biyu, 'yan gaba da digiri na gama-gari dala 20,500 a shekara kuma jimla kar ta wuce 100,000, sai waɗanda aka kira masu digirin ƙwararru dala 50,000 a shekara, jimla 200,000. Jerin da aka tsayar a tattaunawar ma'aikatar ilimi a ƙarshen 2025 ya sa likitanci da lauya da haɗa magunguna da likitan haƙori da makamantansu, amma bai sa OT ba, kuma AOTA, ƙungiyar ma'aikatan OT ta Amurka, ta fito ta nuna rashin amincewarta. Ni ma abin ya ɓata min rai, mutum ba zai taɓa mara lafiya ba sai da wannan digirin da lasisi, sannan a ce ba ƙwararre ba ne a wajen rance. Ka rubuta wa ofishin tallafin kuɗi na kowace makaranta imel ka tambaye su kai tsaye, a kwas ɗinku nawa ne iyakar bashin gwamnati a shekara, kuma ka ajiye amsar. Lissafinka dai ka gina shi a kan 20,500.

Ka ga ke nan, a ce makaranta ta ƙiyasta maka dala 55,000 a shekara har da haya da abinci da inshorar lafiya, gwamnati ta ba ka 20,500, saura 34,500 da sai ka nemo ta wani wuri, kuma sau biyu ko sau uku. A ce wata kuma 32,000 ce, saura 11,500, wannan aiki da sikolashif da ɗan ajiya za su iya rufe ta. Wannan ragowar ita za ka rubuta a gaban sunan kowace makaranta a takarda ɗaya, ka dube su.

Kuɗin da ba a mayarwa shi ne na farko da za ka bi. AOTF, gidauniyar OT ta Amurka, tana ba da sikolashif da dama kowace shekara, wasu tare da ƙungiyoyin OT na jihohi, kuma da yawansu sai kana mamba a AOTA ko ƙungiyar jiharka, to rajistar ɗalibi tana da sauƙi, ka yi ta. Ita AOTA ɗin ma tana da nata mai suna E.K. Wise. Ka sani da yawa cikin irin waɗannan sai ka riga ka shiga kwas ɗin kake iya nema, don haka neman sikolashif ba ya ƙarewa a shekarar farko, a shekara ta biyu ma mutane sun gaji sun daina nema, kai kar ka daina. Kar ka raina na dala 500 ko 1,000, in ka tara huɗu ko biyar sun biya maka littattafai da kuɗin jarrabawa. Ka duba na cikin sashen OT na makarantar kansa, ka tambayi sakatariyar sashe, su suka san wanda ba a tallata shi sosai. Ka rubuta bayani ɗaya mai kyau a kan dalilin da ya sa kake son aikin nan, da abin da ka gani da idonka lokacin da kake bin ma'aikacin OT kana kallon aikinsa, sai ka riƙa gyara shi daidai da kowane wuri. In kana jin wani yare bayan Turanci ka faɗa, a aikin asibiti abu ne mai amfani. Shi ma OTCAS, inda ake tura takardun neman gurbi, yana da tsarin yafe kuɗin fom ga masu ƙaramin ƙarfi, amma kaɗan ne kuma da wuri yake ƙarewa, kuma kafin ka tura fom ɗin ake nema.

Na biyu aikin cikin makaranta. Akwai aikin taimaka wa malami a bincike ko a aji ko a wani ofishi, wasu jami'o'in suna biyan alawus su kuma yafe wani ɓangare na kuɗin makaranta, a wasu wuraren ma yana sa a caje ka farashin ɗan jiha. A sashen OT guraben ba su da yawa, don haka kar ka tsaya a nan, ka leƙa laburare, ofishin kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman, ofishin ɗakunan kwana wanda wani lokacin yake ba da ɗaki kyauta. Akwai kuma Federal Work-Study, aikin ɗalibai da gwamnatin tarayya take tallafa wa biyansa, ta hanyar FAFSA, ka tambayi ofishin tallafi ko suna ba 'yan gaba da digiri. In kana aiki a asibiti ko gidan kula da tsofaffi yanzu haka, ka je ofishin ma'aikata ka tambaya ko suna taimakawa da kuɗin karatu, doka ta yarda ma'aikata ta biya maka har dala 5,250 a shekara ba tare da an cire haraji a kai ba. Ka karanta sharaɗin da kyau, galibi sai ka yi musu aiki na wani lokaci ko ka mayar da kuɗin.

Yanzu abin da yake kayar da mutane, firaktikal. A ƙarshen karatu akwai horo na mataki na biyu, aƙalla sati 24 cikakken lokaci, yawanci sati 12 sau biyu a wurare daban. Kusan duka ba a biyan ko kwabo, kai ne ma kake ci gaba da biyan kuɗin makaranta, kuma kana fita tun safe sai yamma, ka dawo ga rubuce-rubuce, aikin da kake yi da dare ko ƙarshen sati da ƙyar zai ci gaba. Wani lokacin a tura ka wani gari, ga haya biyu, ga man mota, ga alluran rigakafi da binciken tarihi da kayan asibiti. Wata shida ke nan babu kuɗin shiga, ɗan OTD kuma ya ɗora sati 14. To tun zangon farko ka buɗe asusu daban ka sa masa suna firaktikal, duk abin da ka samu a hutu ka zuba. Ka je wurin malamin da yake tsara wuraren horo da wuri ka gaya masa halin da kake ciki, ka roƙi wurin da kake da ɗan'uwa ko aboki da zai sauke ka. Ba abin kunya ba ne, sun saba jin irin wannan. Bayan ka gama kuma akwai kuɗin jarrabawar NBCOT da na lasisin jiha da watan da za ka zauna kana jiran sakamako, su ma a sa su a lissafi.

In takardar tayin tallafi ta zo, ba dole ka karɓi duk abin da aka rubuta ba, za ka iya rage bashin zuwa iya buƙatarka. In ka karɓa ka ga ya yi yawa, ka mayar cikin kwana 120 ba ruwa ba caji a kan abin da ka mayar. In kuma halinka ya canza daga shekarar harajin da suka duba, ka bar aiki, ko an yi haihuwa, ko rashin lafiya ta ci kuɗi, ka rubuta wa ofishin tallafi da takardun shaida, doka ta ba su damar sake duba lamarinka. In wata makaranta ta ba ka tayi mafi kyau, ka nuna wa wadda kake so cikin ladabi, iyakaci su ce a'a.

Bashin banki mai zaman kansa shi ne na ƙarshe, kuma da rufe Grad PLUS mutane da yawa can za a tura su. Suna duba tarihin bashinka, galibi sai da garanto, kuma garanton nan in ka kasa biya shi za a kama, don haka kar ka sa wa mahaifiyarka ko yayanka hannu a takarda ba ka yi musu bayani dalla-dalla ba. Bashin bankin ba ya shiga tsarin biya daidai da albashi, ba ya shiga yafiyar gwamnati. In ya zama dole, ka nemi mai tsayayyen ruwa, ka kwatanta wurare uku ko huɗu, ka tambaya ko ana sakin garanto bayan wasu shekaru. Na san kuma cikinmu akwai waɗanda maganar kuɗin ruwa gaba ɗaya take damun zuciyarsu saboda addini, kuma damuwa ce ta gaskiya. Akwai ƙungiyar A Continuous Charity da take ba ɗalibai Musulmi a Amurka rance marar ruwa, sai dai masu nema sun fi kuɗin yawa, a nema da wuri. Makarantu da yawa kuma suna yarda a raba kuɗin zango a biya wata-wata da ɗan cajin rajista ba ruwa. Wasu sukan fara da zama mataimakin OT, karatun shekara 2 mai sauƙin kuɗi, su yi aiki su tara, sannan su haura ta kwasa-kwasan da aka tsara don masu aiki. Hanyar ta fi tsawo amma tana kaiwa.

Tun kafin ka karɓi bashin ka san yadda za ka fita daga cikinsa. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta sa matsakaicin albashin OT a kan dala 98,340 a shekara a Mayun 2024, amma wannan har da waɗanda suka daɗe a aiki, sabon shiga ƙasa da haka yake farawa. Ni abin da nake faɗa wa mutane, jimlar bashinka har da na digirin farko kar ta wuce albashin shekararka ta farko. Sai PSLF, tsarin da aka kafa a 2007, ka yi aiki cikakken lokaci a ma'aikatar gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba, ka yi biya 120 da suka cika sharaɗi, wato shekara 10, a yafe ragowar kuma gwamnatin tarayya ba ta cajin haraji a kai. Wannan ya dace da OT sosai, don makarantun gwamnati da asibitocin tsofaffin sojoji na VA da manyan asibitoci da yawa duk suna ciki. Abin lura shi ne wanda yake biyanka albashi ake dubawa, in kamfanin kwangila mai neman riba ne ya tura ka makarantar gwamnati, galibi ba ya shiga. Ka riƙa tura fom ɗin tabbatar da wurin aiki kowace shekara, kar ka bari sai shekara ta goma. Ita VA tana da nata tsarin EDRP da yake biyan bashin karatu har dala 200,000 cikin shekara 5, amma sai a guraben da suka sa shi a tallan aikin, don haka ka duba ko an rubuta kafin ka karɓi aiki. Hukumar lafiya ta 'yan asalin Amurka, IHS, ita ma tana biyan bashi ga wanda ya yi alƙawarin aikin shekara 2 a wurarenta.

Lokacin cike haraji kuma kar ka manta da Lifetime Learning Credit, kashi 20 cikin ɗari na dala 10,000 ta farko da ka biya makaranta, wato har dala 2,000 a rage maka a harajin shekarar in kuɗin shigarka bai wuce iyaka ba. Makaranta za ta turo maka takardar 1098-T a farkon shekara, ka adana ta tare da rasit ɗin biyan kuɗi, in ka fara biyan bashi ma ruwan da ka biya ana cire har dala 2,500 daga kuɗin da za a yi maka haraji a kai.